Rage Gudu, Tanimu

Shekara goma sha ɗaya na ja shi,
Kumasi zuwa Ankara ta bakin teku, mu juyo,
shi a baya da takardu a cinya,
ya san ƙeyata fiye da fuskata.

Alhaji Labaran Gariba.
Kafin a ce masa Onarabul
Mai Sabulu ake ce masa,
kuma ga wannan sunan ya fi saurin waiwayowa.
Da tukunya biyu ya fara, bayan ɗakin uwarsa a Aboabo,
man alayyadi da tokar ɓawon koko,
ya yanka da zare, ya kai Kejetiya a ka.
Soda ta cinye zanen yatsunsa.
Ranar rajistar zaɓe sau uku aka dangwala masa tawada,
takarda ta ƙi shaida shi.

Ni na zo na tarar da bututun hayaƙi
da jiniyar da ke tada Zongo ƙarfe shida.
Mutum ɗari uku da 'yan kai ke cin tuwo a inuwarsa.
Ya san sunan kowa, ya san na uban kowa,
ran Juma'a kowa ya tafi da sanda biyu ta sabulu.
Ƙarin albashi kuwa,
sai ka yi tari a ƙofarsa har maƙogwaro ya bushe.

Zauren majalisa ban taɓa shiga ba.
Mu direbobi gindin darbejiya ne namu,
dokunu da soyayyen kifi, rediyo a kan bonet.
Turancinsa na ɗingishi,
lissafinsa bai taɓa yi ba.
Famfon bakin masallacinmu, shi ne.
Kwalbatin da ya hana ruwa cin gidan su Baba Isaka, shi ne.

Amma akwai rafin bayan masana'anta.
Ya yi fari kamar an dama kunun kanwa,
kumfa na tafiya a kansa kamar garken tumaki.
Zuwaira mai koko ta tare motarmu wata safiya,
ta ɗaga ƙafar ɗanta har gilashi,
duk ta tsattsage.
Ya duba. Ya miƙa sidi ashirin.
Ta bar kuɗin a kan titi.

Sai aka kawo doka:
mai zuba dagwalo a rafi ya gina matata, ko a garƙame masa ƙofa.
Ƙuri'a ran Talata, ƙarfe goma.
Mun bar Kumasi taurari ba su kwanta ba.
Konongo, Nkawkaw, lokaci na aljihunmu.
Dab da Nsawam na ji murya a ƙeyata:
Rage gudu, Tanimu.
Can kuma: tsaya mu sayi burodi.
Mutumin da likita ya hana wa burodi!
Ya latsa wannan, ya shinshina wancan,
ya taya, ya fasa, ya sake tayawa,
ya ƙirga canji sau biyu.

Sha ɗaya da kwata muka shiga.
Ba a rubuta shi cikin masu i ba,
ba a rubuta shi cikin masu a'a ba.
Doka ta kwanta.
Burodi ya kwana uku a but, ya yi funfuna, na zubar.

Bayan shekara biyu ya gina matatar,
ba wanda ya sa shi, bai kira 'yan jarida ba.
Ban sani ba ko Allah ya karɓa.
Sannan sabulun waje ya cika kasuwa,
mai ƙamshi, mai araha,
jiniya ta yi shiru.
Yanzu tayil ake sayarwa a wurin.

Da sabulunsa aka wanke shi,
ragowar kwalin ƙarshe da Hajiya ta ɓoye.
Ɗan Zuwaira na cikin waɗanda suka ɗauki makara,
ya girma, yana ɗan jan ƙafa.
Aka ce a yafe masa, kowa ya ce ya yafe.
Ni ma na ce,
ban san wa zai yafe mini ba.

Yau motar haya nake ja a hanyar.
Fasinja na mita, wai ina ɓata musu lokaci.
Ban iya gaya musu cewa dab da Nsawam
ƙafata da kanta take ɗagawa.